Hannun da Censa Ta Ɗaga a Gwanjo

Sunshine, Melbourne
Lahadi, bayan coci

Zuwa ga Wistin, jikan Salvu ɗan baffana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwarka da duk mutanenmu na Mackay, can jihar Queensland. Ina fata an fara yankan rake lafiya, kuma ƙafar kakanka ta yi sauƙi. Ka ce masa Censa ta ce ya daina ɗora wa sanyi laifi, jar giyar nan ce da yake ɓoyewa a rumfar tarakta. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, da kunnen hagu da ya yi ritaya bai sanar da ni ba. Zomayena sun haihu. Ku da gwamnatinku ta hana ku kiwon zomo, ban san da me kuke cin taliya ranar Lahadi ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda ba Kirsimeti ba ne kuma ba wanda ya mutu. Da waya zan kira ka, to in na ɗauki waya ihu nake yi, maƙwabciyata ta bayan katanga kuwa kunnuwanta biyu duk suna aiki.

Uwarka ta ce yanzu a ofishin lauya kake, wajen cinikin gidaje, kai ke karanta musu ƙananan rubutun nan. Ban yarda ba da farko, don ni abin da na sani na yaron da ya shige ƙarƙashin tebur a bikin 'yata Pawlina ya cinye faranti guda na pastizzi, gashin fulawar nan namu mai cuku a ciki, aka jawo shi ta ƙafa. Amma an ce ka girma, har gashin gabanka ya fara ja da baya.

To ga abin da ya kawo ni. Jiya na sayi gida. Ba gida irin na mutane ba, sashe ne a wani bene mai hawa uku kusa da tashar jirgi, ɗaki biyu da baranda. Dillali ya zaunar da ni a tebur, ya nuna min inda zan sa hannu, na sa. Na rubuta musu caki na kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin goma, wato duk abin da marigayi mijina Indri ya bar min a banki. Sauran sai nan da wata biyu. Sauran kuwa, Wistin, ba ni da shi, sai in na sayar da gidan nan da nake ciki, wanda Indri ya gina da hannunsa, Asabar bayan Asabar, muna kwana a rumfar katako a bayansa.

Kada ka tambaye ni me ya kai ni. Tambayata ɗaya ce: ana mayar da gida kamar yadda ake mayar da rigar da ta matse mutum? Ban taɓa kwana a ciki ba, ko famfonsa ban murɗa ba.

Pawlina ba ta sani ba, kuma kada ta ji daga bakin uwarka. Na biya kuɗin wasiƙar gaggawa, ka ga kuwa abin ya kai.

Taka,
Nanna Censa Cutajar


Mackay, Talata da yamma

Nanna Censa,

Na gaishe ki da girmamawa. Kowa lafiya a nan, kakana Nannu Salvu yana ɗingishi amma bakinsa garau. Ban isar masa da saƙonki ba, don zai tambayi dalilin da ya sa muke rubutu.

Wasiƙarki ta iso ɗazu. Na turo wannan ta na'urar faks ta kantin maganin da ke titinku, na roƙi matar ta kawo miki a ninke, saboda lokaci ya ƙure.

Ki kwantar da hankalinki, akwai ƙofa. A jiharku doka ta ba mai sayen gida kwana uku na aiki ya sake tunani bayan ya sa hannu. Tunda ranar Asabar kuka zauna da dillali, gobe Laraba ce ranar ƙarshe. Ba da baki ake yi ba, sai a rubuce. Ga takardar janyewa na rubuta miki a shafi na biyu. Ki sa hannu, ki kai ofishin dillalin da ƙafarki da safe, ki sa su buga miki hatimi a kan kwafinki. Za su yanki ɗan abu kaɗan su mayar miki da sauran.

Kada ki tsaya gardama da kowa, kada ki ba su labari. Ki miƙa, ki juyo.

Maganar pastizzi kuwa, shekarata biyar a lokacin, kuma ke ce kika turo min farantin da ƙafa.

Naki,
Wistin


Sunshine, Alhamis

Wistin,

Gaisuwa. Ina lafiya, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Matar kantin magani ta kawo takardarka a ninke kamar yadda ka ce, amma da irin murmushin da ta yi min na san ta ninke ta ne bayan ta karanta.

Jiya na saka baƙar rigata ta coci, na ɗaura 'yan kunnen zinariya, na tafi ofishin dillali kamar matar gwamna. Ofishin cike da mutane. Na ajiye takardarka a kan kanta na ce, "Na fasa. Lauyana na Queensland ya ce a buga hatimi." Dillalin ya fito, yaron nan mai man gashi, ya karanta, ya yi ƙasa da murya ya faɗi wani abu. Na ce ban ji ba. Ya sake faɗa. Na ce ya dawo kunnen dama. Sai ya ɗaga murya yadda har mai share gilashi a waje ya ji: "Misis Cutajar, wanda ya saya a gwanjo ba shi da kwana ukun nan!"

Na so ƙasa ta tsage in shige da 'yan kunnena.

E, a gwanjo ne. Ban rubuta maka ba don na ɗauka saye saye ne, kuma don kunya, kashi mafi yawa kunya.

Ka san Asabar a nan. In an kafa allon sayarwa a ƙofar gida, duk unguwa sai ta fito kallo, masu saye biyar, 'yan kallo hamsin. Ni shekara da shekaru ba gwanjon da ya wuce ni. Nakan shiga in leƙa kicin ɗin mutane, in ga wadda ba ta wanke murhu, in fito in tsaya a inuwa tare da Zaren, tsohon nan da ya yi aikin jirgin ƙasa da Indri, muna yi wa masu tayi suna.

Ranar nan masu tayi biyu ne: wasu yara miji da mata da jariri a keke, da wani mai baƙin tabarau yana magana a waya kamar ba da shi ake ba. Yaran suka gaji, matar ta ja hannun mijin suka yi baya. Mai gwanjo yana ta roƙo, ba wanda ya motsa. Sai na ga hannuna a sama.

Zaren ya ce, "Censa, ƙuda kike kora?"

Na ce, "Yi shiru, kai da ko jarida sai ka jira maƙwabci ya gama."

Mai gwanjo ya nuna ni da takardar da ya naɗe a hannu: "Ga uwa a can inuwa, ta san abu mai kyau!" Mai tabarau ya ƙara. Na ƙara. Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa, har jakar cefanena, ya ƙara. Wistin, kallon nan ne ya gama da ni. Jama'a suka fara dariya suna tafi, wata ta ce, "Ba shi wuta, Nanna!" Tunda nake a ƙasar nan ba a taɓa tafa min ba. Na ƙara. Na jira ya ƙara in bar masa kayansa. Sai ya mayar da tabarau, ya sa wayar a aljihu, ya nufi motarsa.

Mai gwanjo ya kira sau ɗaya, sau biyu. Na juya ina neman yaran nan masu jariri da ido, sun kai kwanar titi. Ya buga takardar a tafin hannunsa, fau! Wannan kam har kunnen hagu ya ji.

Zaren ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar gawa ce za ta wuce, ya ce, "Ashe Indri ya binne tukunya bai gaya mana ba." Dillali ya kama gwiwar hannuna ya haura da ni sama.

To ka ji. Yanzu sai ka nemo min wata ƙofar, tunda ƙofofi ne sana'arka.

Nanna Censa


Mackay, Litinin

Nanna,

Na gaishe ki. Muna lafiya, ana ta niƙan rake, gari duk warin maɗi.

Da kin rubuta min kalmar gwanjo tun farko, da ban tura ki ofishin nan kin sha kunya ba. Na ji zafin hakan, don da sunana kika je.

Zan gaya miki yadda abin yake ba tare da ado ba. Cinikin gwanjo ba a janye shi. In ranar biya ta zo ba ki cika ba, mai gidan zai ba ki ɗan wa'adi, daga nan ya riƙe kafin alƙalamin gaba ɗaya, ya sake sayarwa. In sabon farashin bai kai naki ba, yana iya kai ki kotu ki cika giɓin, a ƙara da kuɗin lauyoyi. Wato za ki iya rasa abin da Nannu Indri ya bari, kuma a taɓa gidan duk da haka. Banki ba zai ba mai shekarunki rance irin wannan ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a jiharku bugun takardar nan ba shi ke ɗaure mutum ba, sa hannu ne. Da kin tsaya a matakala kin ce ba ki iyawa, da an yi miki dariya, an harare ki, kin koma gida. Mace mai wayo irinki, me ya sa kika ɗauki alƙalami?

Ƙofa ɗaya ta rage. Mai sayarwa na iya yarda ku soke cinikin tare, in ya ga dama. Wane ne? Ki turo min sunansa da na lauyansa, da kwafin duk takardun da aka ba ki, har na ƙungiyar masu benen, in rubuta musu cikin ladabi.

Kuma ki gaya wa Anti Pawlina. Ba abin ɓoyewa ba ne.

Wistin


Mackay, Juma'a

Nanna,

Gaisuwa. Sati uku ke nan shiru. Na kira waya sau da yawa ba a ɗauka. In maganar da na yi ta alƙalami ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, ba raina ki na yi ba. Amma kwanakin biya suna tafiya ko kina fushi ko ba kya yi. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa, zan kira Anti Pawlina, ki tsine min daga baya.

Wistin


Sunshine, Talata

Wistin, ɗan albarka mai barazana,

Ina gaisuwa. Ba fushi nake ba, kuma ban mutu ba. Ina jin wayar tana ƙara, ina zaune ina kallonta. Coci ma na koma zuwa ta sassafe, wadda ba kowa sai mu uku da Fada mai jan addu'a. Pawlina ta zo da yara cin abincin Lahadi, ƙaramar ta ce, "Nanna, a makaranta an ce kin yi kuɗi." Na ce ta ci wakenta. Allah ya taimake ni uwarta tana waje tana tsinkar lemon tsami.

Ka tambayi sunan mai sayarwa. Wasiƙa huɗu na fara ina yagawa a kan wannan layin. Sunanta Rozina Psaila. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu daga Malta muna 'yan mata, bokiti ɗaya muka yi amai a ciki har muka iso. Ita ta riƙe Pawlina ranar baftisma.

Mijinta Ganni ya faɗi bara, rabin jikinsa ya mutu. Ba ta iya ɗaga shi, benen kuma ba na'urar hawa. An samo masa gado a gidan kula da tsofaffi na kusa da coci, amma sai da kuɗi mai nauyi, shi ya sa take sayarwa, ita ta koma wajen ɗanta. Ana saura kwana biyu gwanjo muna shan shayi a kulob ɗinmu, ta ce tana tsoro kada mutane su tsaya kallo kawai, kaya su tafi a wulaƙance. Ni kuma da bakin nan nawa na ce, "Bar min su. Zan ɗaga hannu sau ɗaya ko biyu in zuga su, in sun yi zafi in sulale." Ta ce, "Censa, kin cika rigima." Ta yi dariya. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba. Ta dai gaya min farashin da in an wuce shi ta tsira.

An wuce shi tun a tayina na biyu. Sauran duk na kaina ne, da tafin jama'a.

Ka ce me ya sa na ɗauki alƙalami. Da dillali ya shigar da ni kicin, Rozina na zaune a tebur, fuskarta ta yi fari fat. Ganni na kan kujerarsa mai taya. Ɗansu Fredu, da bai san komai ba, ya taso ya rungume ni yana kuka, yana cewa, "Anti, ke ce? Gidan bai fita daga hannu ba, Baba, Anti Censa ce ta saya!" Ganni ya ɗaga hannunsa mai motsi yana neman nawa. Ka gaya min, kai mai karatu, a wane gurbi zan ce wasa nake? Na dubi Rozina, ta dubi tebur. Na sa hannu.

Tun ranar ba mu haɗa ido ba. In na hango ta a kasuwa sai in shige layin sabulu.

Takardun ƙungiyar benen ga su nan na haɗo. Na karanta da gilashin ƙara girma. Ashe abin da na saya iskar da ke tsakanin bango huɗu ce, matakala da rufi da tsakar gida na kowa ne, kuma duk wata uku sai an biya kuɗin gyara. Ba a shanya a baranda. Ba a kiwo. Tukunyar fure ma sai an yi taro a kanta. Ni da ban taɓa neman izinin kowa ba kafin in dasa tumatir.

Ga dabarar da na yi tunani. Tunda tayin nan ba na gaskiya ba ne, ka rubuta wa dillali haka, da manyan kalmominku, cewa tsohuwa zuga kawai ta je yi, da sanin mai gida. Ciniki na wasa ai ba ciniki ba ne. Ko?

Kada ka kira Pawlina. Ka ba ni wannan makon.

Nanna Censa


Mackay, Asabar

Nanna,

Na gaishe ki, na kuma gode wa Allah da kike lafiya.

Wannan wasiƙar ba zan rubuta ta ba, ke ma kada ki furta maganar ga dillali ko a kulob. Tayin zuga laifi ne a jiharku, doka ta hana shi tun bara, da tara mai nauyi a kan wanda ya yi, da kuma mai gidan in da saninsa. Mai gwanjo yana karanta wannan gargaɗin da ƙarfi kafin a fara, ina jin ta kunnen hagu kika tsaya. In kika faɗa a rubuce, kin miƙa kanki, kin kuma miƙa Anti Rozina. Kuma ba zai kwance ki ba, don kin sa hannu da hankalinki.

Saura abu biyu. Ko ta yarda ku soke, ta biya dillali ladansa, ta sake kafa allo, ba tabbas ta sami farashin, gadon mijinta kuma ban sani ba ko za su jira. Ko kuwa ki cika cinikin, ki sa gidanki a kasuwa yanzu, mu roƙi lauyanta ya ɗan ɗaga ranar biya har kuɗin ya shigo. Gidanki da filinsa ya fi sashen daraja nesa ba kusa ba, ba za ki tashi hannu wofi ba. Na san ba kuɗi kike ji ba.

Ba ni zan zaɓa miki ba. Amma duk wanda kika zaɓa, ta ƙofar Anti Rozina zai bi, kuma da ƙafarki. Wannan ba aikin lauya ba ne.

Wistin


Sunshine, Lahadi

Wistin,

Gaisuwa da fatan alheri ga kowa, har da kakanka mai ɗingishi. Na san na daɗe, ka ga takardun da Pawlina ta riƙa turo maka, amma ba ka ji daga bakina ba. Na gode da wasiƙar da ka rubuta wa lauyan, an ɗaga ranar kamar yadda ka roƙa. Jiki da sauƙi, gwiwa dai ta sami sabon abin ƙorafi.

Washegarin da amsarka ta zo na je wajen Rozina, da niyyar roƙonta ta sake ni. Na shirya maganata tun a hanya. Na tarar da ita tana naɗe kofuna da jarida, akwatuna ko'ina. Kujerar Ganni ba ta nan, an riga an kai shi, sun karɓe shi a kan alkawarin ranar biya. Ta ce yana barci yanzu, akwai ƙartin samari biyu masu juya shi, bayansa ya daina ciwo.

Muka tsaya kowa na kallon akwati. Sai ta ce, "Censa, ban yi barci ba tun ranar. Da na ce miki a'a a kulob. Na yi shiru ne don ina so ki yi."

Na ce, "Ni ma da na sauke hannu inda kika ce."

Ta ce, "In kina so mu soke, mu soke. Zan gaya wa Fredu komai, mu dawo da Ganni, a sake gwanjo."

Ta ajiye kofin da ke hannunta a cikin akwati. Na dubi matakalar nan da za a sake hauro da mutum a kanta. Duk maganar da na shirya ta tsere. Na ce, "Wa ya ce miki sokewa na zo yi? Labule na zo aunawa. Naki sun yi kama da zanen gadon asibiti."

Ta ce, "Maƙaryaciya. Ina abin awon?"

Na ce, "Na manta."

Ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da jarida, ban san kuka take ko dariya ba, na zauna kusa da ita na taya ta duka biyun.

Daga nan na wuce gidan Pawlina kafin ƙarfin ya sake ni. Na zaci za ta yi faɗa, da na fi so. Ta saurara har ƙarshe, ta kashe murhu, ta ce, "Mama, kin iya rubutu har Queensland, kin kasa tsallaka titi biyu?" Ta fita bayan gida ta daɗe. Da ta dawo idonta ja, ta ce a ɗakin gaba na gidana aka haife ta, ko na manta. Sannan ta ɗauko takarda ta fara rubuta abin da za a yi, kamar ubanta.

An kafa allo a ƙofata. Asabar uku mutane na shiga suna buɗe min kabad, suna leƙa murhuna. Na ji wata tana cewa tayil ɗin banɗaki na zamanin da ne, na ce a raina daidai ke nan, Censa, ke ma sha naki. Zaren ya kwashe zomayen. Ranar gwanjo dillali ya ce in zauna a ciki kamar yadda masu gida ke yi. Na ƙi. Na fito na tsaya a bakin ƙofa inda duk unguwa za ta gan ni da kyau, tunda kowa ya san dalili ko ya ƙirƙiri nasa. Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi ciwo. Wasu 'yan Vietnam ne suka saya, da yara uku da kaka, kakar ta zagaya bishiyar lemon tsami tana gyaɗa kai.

An biya Rozina ranar Alhamis, Ganni ya tabbata a gadonsa. Fredu har yau bai sani ba, ya zo ya ɗauko min firij a bayansa yana ce min uwa ta biyu, ni kuma ina kallon ƙasa.

Daga sabon wurin nake rubuto maka, adireshin na bayan ambulan. Hawa na biyu ne, ƙofar hagu. Shugaban ƙungiyar benen ya riga ya ƙwanƙwasa min a kan tawul ɗaya da na rataya. Na ba shi haƙuri, kai ka ji, ni Censa.

Abin da ba wanda ya gaya min, ko dillali, ko Rozina, shi ne daga barandar nan ana hango rufin gidan, da bututun hayaƙin da Indri ya gina a karkace. Jiya na ga hayaƙi na fita. Na juya kujerata tana kallon bango. Pawlina ta zo da yara ɗazu, muka ci abinci a matse, gwiwa na gugar gwiwa, ta ga kujerar ta ce in juyo da ita, mutane za su ce na zauce. Na ce ta bar ta haka tukuna.

Ka zo lokacin bikin Ista in sun ba ka hutu. Ɗakin na biyu ƙarami ne, amma kai ma ba wani tsawo gare ka ba.

Taka, da kunyarta da komai,
Nanna Censa